Gada Mai Guntun Kunne

A ƙasar Rafin Tukurwa, can kudu inda ruwan sama ke yin wata bakwai yana sauka, an yi wani hakimi ana ce masa Barmo. Ƙasar ba ta da abin fahariya sai kurmi ɗaya, gandun daji mai duhuwa wanda rana ba ta taɓa ƙasansa sai da dabara. Mai tsaronsa shi ne Sarkin Daji Jatau, dattijo marar surutu, wanda ya shekara talatin yana hana maharba da masu saran itace shiga.

Wata rana Hakimi ya yi baƙi daga birni, da kyamarori da madubin hangen nesa rataye a wuya. Suka ce sun ji labarin kurmin, suna so su taka su ga namun daji. Hakimi ya ce shi da kansa zai kai su. To, hakimi ba ya fita shi kaɗai. Aka taso da makaɗa da mai algaita da maroƙa, ga dogarai cikin jajayen riguna, ga mai laima. Jatau ya durƙusa ya roƙi a rage jama'a, aka ce masa shi daji ya sani, bai san sarauta ba.

Tun hantsi har azahar ana yawo. In Hakimi ya yi tuntuɓe da saiwa, sai dogarai su ɗauka, "Hattara, Zaki." In ya yi tari, a ce, "Lafiya, Giwa." Iyakar zaki da giwar da baƙi suka samu ke nan a ranar. Ban da sauro, abu mai rai da aka gani kwaɗo ne guda, shi ma wani dogari ya taka shi.

Kunya ta kama Hakimi ƙwarai, kafin a iso gida ta rikiɗe ta zama fushi. Wani bafade mai suna Ɗangoggo ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, ai Jatau ya cinye dabbobin nan tuni. Ni in ka naɗa ni, duk lokacin da ka shiga kurmi sai ka ga dabba." Hakimi ya ce gobe a zaman fada za a tuɓe rawanin Jatau a ba Ɗangoggo.

Washegari ranar aski ce. Sarkin Aska Arzika ya zo da zabirarsa. Duk faɗin ƙasar, tsohon nan kaɗai ke sa Hakimi ya cire rawani, ya zauna kan tabarma, ya yi shiru. Arzika ya ji abin da za a yi wa Jatau, kuma abin ya ɓata masa rai, don ya san mutumin ko zabon daji bai taɓa ci ba. Ya jiƙa kan Hakimi, ya aske rabi tas, sa'an nan ya tsaya yana wasa aska a tafin hannu kamar yau ya fara koyo.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, alkawarin Ɗangoggo ya tuna mini da Sarki Nomau da gada bakwai da ya gani a kurmi."

Hakimi ya so ya ce a yi sauri, amma ba ya iya fita fada da rabin kai. Ya ce, "Faɗi, ina ji."

Arzika ya dafa kan, ya ce:

A wani zamani an yi Sarki Nomau, mai kurmi irin naka. Shi ma ya shiga kallo da kiɗa da busa, bai ga komai ba, ya tuɓe sarkin dajinsa. Ya naɗa wani wai shi Cindo, ya ce masa, "Ranar da na shiga ban ga dabba ba, ka bi magabacinka."

Cindo ba wawa ba ne, kuma yana da iyali. Akwai wata gada da ya tsinta tun tana ƙarama, tarko ya cinye mata rabin kunne, ya rene ta da dusa a bayan gida. Duk ranar da Sarki zai fito, sai ya ɗaure ta a ƙafar baya kusa da hanya, ya rufe igiyar da ganye. Sarki ya gani, maroƙa su yi kirari, a wuce. Ƙannen Cindo biyu su sa ta a buhu, su yanke ta ɓarauniyar hanya, su sake ɗaure ta a gaba. Haka har sau bakwai.

Sarki ya koma gida yana murna, ya ce wa fadawa, "Kun gani ko? Gada bakwai a fita ɗaya. Kuma gadar ƙasata iri ne na daban, duk kunnensu ɗaya guntu ne." Fadawa suka ce su ma sun lura, ai albarkar Sarki ce.

Da aka yi shekara biyu a haka, sai Sarki ya ce gada ta yi yawa a kurmi, kada ta addabi gonakin talakawa, ya ba maharba izini su shiga su rage. Cindo ya san abin da zai biyo baya, amma in ya buɗe baki rawaninsa zai faɗi, don haka ya yi gum. Maharba kuwa da suka shiga ba gada kaɗai suka rage ba.

Wata rana ana cikin yawon, fitsari ya matsa wa Sarki. Wannan kam ba a yinsa da algaita. Ya ratse bayan wani maɗaci shi kaɗai, ya tsuguna, sai ga gada a gabansa, da igiya a ƙafa. Lokacin dabbobi ba su riga sun fid da rai da yi wa mutane magana ba. Ta ce, "Sannu da sake zuwa, ranka ya daɗe. Yau gaisuwarmu ta biyar ke nan, saura biyu in huta."

Sarki ya dubi kunnen, ya dubi igiyar. Ya ce, "Ashe ke kaɗai ce. To, tun farko da na shigo kurmin nan, me ya sa ban ga kowa ba?"

Gada ta ce, "Ku ne ba ku ga kowa ba, amma kowa ya gan ku. Bari in ba ka labarin da wani tsohon biri ya ba ni, wata rana da aka manta da ni a nan."

Sarki ya ce, "Ba ni."

Gada ta ce:

Ranar da ka fara shigowa, tsohon birin ya ji tashin kiɗa tun daga bakin rafi. Ya tara danginsa ya ce, "Yau ɗan Adam ya fito. Wanda bai taɓa ganinsa ba ya zo ya kashe ƙwarƙwatar idonsa. Amma kallon dabba yana da ladabi. A hau reshe, a yi shiru, kada a yi motsi, kada mai tari ya biyo mu." Suka jeru a kan rassa, sama da ɗari. Mazo ya laɓe a duhuwa, burtu ya kawo matarsa, har ɓauna ta leƙo daga cikin tukurwa.

Kuka zo kuka wuce ta ƙarƙashinsu. Birai sun ce ba su taɓa ganin abin kallo irin wannan ba: ga masu ja, ga mai kumbura kumatu yana hura itace, ga wani yana ta ihu ba wanda ya taɓa shi. Matar tsohon birin ta raɗa masa, "Malam, me suka zo yi ne?" Ya ce, "An ce kallonmu suka zo." Ta ce, "To, na ga duk idonsu yana kan wancan na tsakiya." Ya ce, "Haka al'adarsu take." Ta ce, "Shi na tsakiyar fa, me ya hana shi ɗaga kai?" Ya ce, "Ya ɗaga sau ɗaya. Cikin laimarsa ya gani."

Gada ta ce, "Ka ji, ranka ya daɗe. Mutum ɗari kuka shigo, amma ba wanda ya zo da idon da ba shi da aiki."

Sarki ya ce, "Yanzu ina biran? Gobe zan zo ni kaɗai."

Gada ta ce, "Tambayi maharban da ka ba izini."

Sarki Nomau ya kwance igiyar da hannunsa, ya ce ta tafi. Ta dubi kurmin da ba kowa ya rage a cikinsa, ta ce ba ta san hanya ba, kuma lokacin dusarta ya yi. Sai ta bi shi gida a baya kamar akuya. An ce daga ranar bai ƙara shiga kurmi ba, baƙin ciki ya hana shi.

Arzika ya goge askar a gefen riga, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Nomau ya ce lalle a nuna masa dabba, kuma an nuna masa. Ni dai na fi tsoron mai nuna bakwai a kan wanda ya kasa nuna ko ɗaya. Na gama, shafa ka ji."

Hakimi bai shafa ba. Ya daɗe yana kallon rawaninsa da ke ajiye a gefen tabarma. Sa'an nan ya ce, "Sarkin Aska, yau ka aske ni sau biyu. Na ji, na kuma karɓa. A gaya wa Jatau ya riƙe rawaninsa, gobe da safe ya kai ni kurmi yadda ya ga dama. A tambayi Ɗangoggo kuma me yake kiwo a bayan gidansa."

Da gari ya waye suka shiga su biyu, Hakimi cikin tsohuwar riga mai ruwan ƙasa da Jatau ya ara masa. A bakin wani ɗan tafki Jatau ya nuna masa gindin itace, ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, a nan durƙusawa ake yi." Hakimi ya durƙusa. Ƙafarsa ta yi tsami, tururuwa ta hau shi, ya yi tari a hankali ba wanda ya ce masa lafiya. Sai da rana ta ɗaga sosai ganye ya motsa. Gada ta fito tana taka ƙasa a hankali, ta sunkuya tana shan ruwa, ko kallon inda mai ƙasar yake ba ta yi ba.

Daɗi ya cika Hakimi har idonsa ya kawo ruwa. Ya matsa kusa da Jatau, ya raɗa masa, "Sarkin Daji, idona ba ya gani sosai. Duba mini kunnenta."

Jatau ya ce, "Duka biyu suna nan, ranka ya daɗe."

Hakimi ya gyara durƙuso, ya ce, "To, yi shiru, kada ka kore ta."