Neman Gafara da Cuta a Ƙirji

"Na Hajiya da na yarinyar duk lafiya lau. Naka ne ya nuna, Alhaji."

"Ya nuna me?"

"Korona."

"Kai Ukasha, dube ni da kyau. Ka ga alamar mara lafiya a nan? Jiya a tsaye na wuni ana loda mini masara."

"Ba a fuska ake ganinta ba, ranka ya daɗe. Ka koma gida ka keɓe kanka a ɗaki guda, tafiyar kuma a ɗaga ta. Don girman Allah kada ka kusanci tsofaffi."

"Wa ya sani bayan ni da kai?"

"Ni ban faɗa wa kowa ba. Iyalinka daga bakinka ya kamata su ji."

Ya 'yan uwa, wannan da kuka ji yana gardama da ma'aikacin gwaji wani mutum ne da aka yi a ƙasar Bebeji. Ba zan faɗi sunansa ba, yana nan da rai. Dillalin hatsi ne, ana kiransa Alhaji don girmamawa, amma bai taɓa taka ƙasa mai tsarki ba. Ba mashayi ba ne, ba mazinaci ba ne, sahun gaba bai cika wuce shi ba. Na faɗi haka ne don kada wani a cikinmu ya gyara zama ya ce labarin lalatattu za a ba shi.

Yana da mata guda, Fa'iza, Bafulatana daga wata ruga a gefen dajin Falgore, da 'yarsu budurwa, Hasana. Yana son matar nan irin son da mazan garinmu ke jin kunyar nunawa. Tun tana amarya ya yi mata alkawarin zai tsayar da ita a gaban Ka'aba, kafaɗarsa na jikin tata. Shekaru suka yi ta wucewa. Da hali ya samu sai annoba ta rufe hanya. Da hanya ta buɗe, aka ce babu mai hawa jirgi sai da shaidar gwaji.

A nan ya fara zaɓi. Akwai wurin gwajin gwamnati, akwai na kuɗi. Ya zaɓi na kuɗi a birnin Kano, kuma babu laifi a cikin haka, wurin mutanen kirki ne. Laifin yana cikin dalilinsa. Ba saurin aiki ya kai shi ba, ba tsafta ba. Tsoro yake yi kada wata mota ta tsaya a ƙofar gidansa, mutane su fito da fararen kaya, gobe a kasuwa a riƙa nuna shi da baki. Sirri ya je saye. Kuma tun da sauran lokaci ya je, kafin gwajin ƙarshe da ake yi dab da tashi, wai don ya san inda ya tsaya.

To, ya sani. Me ya yi da sanin?

Ya koma mota. Fa'iza na zaune a baya tana jira, idonta na ƙyalli kamar na yarinya ranar Sallah. Ta ce, "Baban Hasana, yaya?" Ya dubi fuskar nan, ya tuna ɗinkin da ta yi, da addu'o'in ɗawafi da take ta haddacewa tana tuƙa tuwo. Ya ce, "Alhamdulillahi. Duk lafiya."

Shaiɗan bai zo masa da mummunar fuska ba, ya 'yan uwa. Da fuskar matarsa ya zo. Ya ce masa, za ka iya kashe hasken idon nan? Kai da ko atishawa ba ka yi? Ai Umra za ka, Allah ba zai bar baƙonsa ya cutar da kowa ba.

Kun san al'adarmu. Mai tafiya ƙasa mai tsarki ba ya sulalewa kamar ɓarawo. Sai ya bi dangi gida-gida ya yi ban kwana, ya durƙusa gaban manya ya nemi gafara, don bai san ko zai dawo ba. Al'ada ce mai kyau. In bai yi ba za a tambayi dalili, shi kuma dalilin ne ba ya son a tambaya. Sai ya ɗebi iyalinsa suka kama hanya.

Suka fara da Ɗansoshiya a ƙasar Kiru, wajen Gwaggo Kulsumu, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ya sa takunkumi a fuska, yana ganin ya yi dabara. Tsohuwa ta dube shi daga kan tabarma ta ce, "Wane ne wannan da ya ɗaure baki kamar jakin da ake hana wa cin hatsi? Cire min tsumman nan in ga fuskar ɗana." Ya cire. Ta riƙe kansa da hannu biyu, ta yi masa addu'a, ta ce ta yafe masa duniya da lahira.

Suka wuce Tudun Wada, wajen malamin da ya koya masa karatu, limamin unguwarsu. Aka kawo tuwon shinkafa, suka sa hannu a kwano ɗaya. Malam ma ya yafe.

Sai Doguwa, sai hanyar daji, sai rugar surukinsa Baffa Inuwa. Damina na ban kwana, ciyawa ta kai gwiwa. A nan hankalinsa ya ɗan kwanta, domin akwai kunya tsakanin mutum da surukinsa. Tun da ya auri Fa'iza bai taɓa zama kusa da tsohon ba. Daga nesa yake tsugunawa, kai a ƙasa, a gaisa, ya tashi. Ya ce a ransa, wannan kam kunya za ta tsare shi.

Suna shiga ya hangi wata saniya an ɗaure ta ita kaɗai a gindin bishiya, can nesa da garke, da kwatarniyar ruwanta daban. Hasana ta tambayi kakanta laifin me ta yi. Tsoho ya yi dariya ya ce, "Ba ta yi laifi ba, amaryata, ciwo ne a bakinta. In ta sha ruwa da 'yan uwanta duk sai su ɗauka." Mutumin nan ya ji. Ya kau da kai yana kallon dutse.

Ya tsuguna a inda ya saba. Amma ran nan Baffa Inuwa bai bar shi ba. Ya ce, "Matso." Ya ɗan matsa. Ya ce, "Matso dai. Yau babu surukuta, yau kai ɗana ne. Wanda zai kai 'yata ɗakin Allah ba zai zauna min a rana ba." Ya jawo shi kan buzunsa, gwiwa na gugar gwiwa. Aka kawo fura da nono, tsoho ya sha, ya miƙa masa ludayin, ya karɓa ya sha, ya mayar, tsoho ya ƙara sha. Sannan ya kawo bakinsa kusa da kunnensa ya yi ta faɗa masa abin da yake so a roƙa masa a can. Ba shanu ya roƙa ba. Cikawa da imani ya roƙa.

Kalma nawa ake bukata, ya 'yan uwa? Baffa, ba ni da lafiya. Shi ke nan. Tsohon da ya san ya ware saniya ba zai kasa fahimta ba. Amma me ya fito daga bakinsa? "Baffa, a yafe mini abin da na yi da wanda ban sani ba." Tsoho ya ce, "Ba ka taɓa yi mana komai ba sai alheri."

Da lokacin gwajin ƙarshe ya zo bai koma wajen Ukasha ba. Ya samo wani wuri a wani lungu, inda tsinken gwaji bai ko taɓa hancinsa ba, aka ba shi abin da yake so. Suka hau jirgi. Fa'iza ta yi ta kuka tana kallon gajimare ta taga, shi kuma yana danne tarin da ya fara taso masa.

A can aka sauke su a otal, aka ce sai an sake gwada baƙi kafin su shiga Harami. Can babu lungu. Aka zo aka ɗauke shi shi kaɗai, aka kai shi wani ɗaki a wani bene, aka rufe.

Ku tsaya ku dubi ɗakin nan tare da ni. Gado fari, bango fari, sanyin na'ura. Ana ajiye masa abinci a bakin ƙofa, a ƙwanƙwasa, kafin ya buɗe an tafi. Ba ya ganin fuskar kowa. Tagarsa bangon wani gini take kallo. Amma yana jin kiran salla. Muryar da ya yi shekaru yana ji a rediyo yana hawaye, ga ta tana shigowa ta gilashi, kusa ƙwarai, shi kuma yana shimfiɗa tawul a ƙasa yana salla shi kaɗai, zazzaɓi na girgiza shi. Ya zo har ƙofa, ba a ce masa shigo ba.

Sannan waya ta fara kawo labari. Gwaggo Kulsumu numfashi ya gagare ta, kafin a samo mota ta cika. Malam na Tudun Wada yana kwance a asibiti. Ya rayu daga baya, amma har yau ba ya iya kai aya guda ta Fatiha ƙarshe da numfashi ɗaya, wani ke jan salla a masallacinsa. Daga ruga kuwa, inda sai an hau dutse ake samun layi, Hamidu yayan Fa'iza ya kira ta ya ce Baffa na tari. Ya sake kira ya ce Baffa ba ya iya tashi. Da ya kira na gaba, sallama kawai ya yi, ta gane Baffa ya rasu.

Ta yi ɗawafi da 'yarta tana kukan mahaifinta, tana kuma roƙa wa mijinta lafiya, tana tausayinsa, tana cewa wannan bawan Allah ya kawo mu shi bai samu ba.

Wayarsa ta gida a jakarta take. Wata rana da hantsi ta yi ƙara, ta ɗauka. Murya ta ce, "Hajiya ce? Ukasha ne, na wurin gwaji. Alhaji ya faɗo mini a rai, na ce bari in ji ya jikinsa. Ya gama keɓewar lafiya? Ina fata ku cutar ba ta shafe ku ba." Ta ce, "Yaushe ka gwada shi?" Ya faɗa mata. Ta tuna motar, ta tuna abin da ya ce da ta tambaye shi.

Ta kira wayar ɗakinsa. Ya ɗauka da murna, don muryarta ce kaɗai abin da ya rage masa. Ta ce, "Ukasha ya kira." Ya riƙe wayar yana jin numfashinta har ta ajiye. Ba ta sake kira ba.

Kafin gwajinsa ya fito da tsabta, lokacin ayarinsu ya ƙare. Daga ɗakin nan aka sa shi a mota zuwa filin jirgi. Hasumiyoyin Harami kawai ya hango ta bayan gine-gine.

Da suka dawo Bebeji gida ya cika. Ana barka da dawowa, ana ta'aziyya, ana miƙa kofi a zuba zamzam. Kowa na cewa ajali ne, kwanan tsofaffin ne ya ƙare. Babu wanda ya zarge shi, don Fa'iza ba ta faɗa wa kowa ba. Wallahi da sun jefe shi da ya fi masa sauƙi. Yana zaune a tsakiyar masoya, babu ɗaya da ya san da wa yake gaisawa.

Ya 'yan uwa, kada wani ya ce ai ajali ne. Ajali ne, babu musu, kuma Allah kaɗai ya san ta inda cutar ta shiga kowane gida. Amma ba a kan ajali za a tambaye shi ba. A kan abin da ya sani ya ɓoye za a tambaye shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a haɗa dabbobi marasa lafiya da masu lafiya, to ina ga mutane? Ba a zuwa ɗakin Allah ta kan ƙirjin tsofaffi. Kuma gafarar da ka karɓa daga wanda bai san abin da kake yi masa ba, wace irin gafara ce? Yanzu ina zai same su ya sake roƙa?

Yau annobar ta lafa, amma halin bai lafa ba. Mutum nawa ne a cikinmu ke riƙe da sakamakon wani gwaji da ya kamata matarsa ta sani, ko wadda zai aura? Wanda ya ce so ne ya sa shi ɓoyewa, ya tambayi kansa, ita yake so ko kuwa kallon da take yi masa?

Ya Allah, kada ka bar mu mu sayi sirrin da zai tona mu a gabanka. Ka ba mu ƙarfin faɗin gaskiya lokacin da take da amfani. Ka tsare mu, ka tsare mutane daga sharrinmu. Amin.

Fa'iza ta tafi ruga zaman makoki, ta daɗe ba ta dawo ba. Ya bi ta. Ya tsuguna a rana, a inda ya saba tsugunawa, babu mai ce masa matso. Ta fito ta tsaya daga bakin bukka, Hamidu da sauran 'yan uwanta na zaune suna ji. Ya ce, "Na zo mu koma gida."

Ta ce, "Ka kai ni inda ka ce za ka kai ni, na gode. Ban ce da kowa komai ba, kuma ba zan ce ba, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Hasana 'yarka ce, duk ran da ta so ta zo maka. Amma ni, Baban Hasana, a gidan Baffa zan zauna. Ba zan koma Bebeji ba."