Dutsen da Ya Kashe Jiminar Sarki

An yi wani sarki, ana ce masa Dambo, yana da jimina wadda yake ƙauna fiye da wazirinsa. Ran nan da la'asar sai ga dutse daga sama, tim a kanta, ko shurawa ba ta yi ba. Fada ta ruɗe, aka kamo Gambo maƙeri, don kawai gidansa ne jikin katangar fada. Sarki ya rantse sai an sare hannun da ya yi jifan.

Alƙali Mudi ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a yi mini izini in tambayi dutsen tukuna."

Waziri ya riƙe baki. "Malam, dutse kuma?"

"Ranka ya daɗe, tafiyar dutsen jifa kamar ƙwarya ce a kife. Sau biyu yake gaisawa da ƙasa, inda ya tashi da inda ya sauka, ƙololuwarsa kuwa tana tsakiya cif. Wa ya ga inda ya juyo?"

Wata kuyanga ta ce wallahi daidai kan giginyar tsakar gida ya ɗan tsaya, sannan ya yo ƙasa.

Alƙali ya sa aka auna igiya daga gawar jimina zuwa gindin giginya, aka miƙa irin tsawonta a ɗaya ɓangaren, jama'a na biye. Igiya ba ta ko kalli gidan Gambo ba. Ta ratsa shamaki, ta wuce rijiya, ta je ta kwanta a kan buzun da sarki ke hutawa bayan salla, ga duwatsu a tare a gefensa.

Waziri ya saki salati. Dogari ya yar da takobi. Sarki ya dubi duwatsun, gumi na bin rawani, ya ce a hankali, "Innalillahi! 'Ya'yan giginya na yi kwaɗayi. Ashe ban samu ba?"

"Ka samu, ranka ya daɗe," in ji Alƙali, "sai dai mai gashi ce."

Sarki ya kwance Gambo da hannun nan da ya rantse a kansa, ya roƙe shi gafara, ya ba Alƙali alkyabba, ya sa aka rataye igiyar a ƙofar fada.

Mai mulki dai, kafin ya yanke hukunci, ya bi igiya har ƙarshenta, ko da a buzunsa za ta tsaya.