Algaitar da Ba a Gwadawa

"Wai Tanimu zai iya dawo da muryar da ta mutu kuwa?"

Tasalla tana bayan zana ta ji dogari yana yi wa abokinsa wannan tambaya. Tsohuwar algaitar gidan Hakimi ce ta tsage, wadda ba a busawa sai ranar da hakimi ya rasu. An umarci mijinta Tanimu ya sassaƙa sabuwa mai murya sak irin tata, in ta kuskure ya bar garin.

Tanimu ya kasa cin tuwo. "Itacen jiya ya yi kukan itacen kakanni? Ɗaure kayanki kawai."

Kanta a sunkuye ta ce, "Maigida, yaushe ake busa waccan ɗin?"

Ya kalle ta, sannan ya ɗauki gizago.

Da ya kai algaitar fada, an naɗe ta da jar fata, Hakimi ya ce, "A busa mu ji!"

Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, in ita ce sak, ai ka san ranar busa ta. In kuma an busa yau kana zaune lafiya, to, fada da kanta ta ce ba ita ba ce. Wanne za a yi?"

Hakimi ya shafa wuyansa.

"A rataye ta. Daga gani ma ta yi."

Tanimu ya dawo yana cika baki. Ita kuwa Tasalla tun kafin a kai algaitar fada ta lura cewa garin sauri ya manta huda rami ɗaya. Ta ƙudura ba za ta gaya wa kowa ba, har shi.