Yarinyar da Ta Shige Ƙarƙashin Kujerar Jirgi

Akwai wata mata a Gadarif ta ƙasar Sudan, sunanta Manahil. Asalinta 'yar Madani ce, yaƙi ne ya koro ta da 'yarta Iman, ga kuma juna biyu, suka sauka a gidan kawun mijinta. A nan ta haifi Hamoda.

Mijinta Abdulmuminu yana aikin tuƙi a Jidda, bai taɓa ganin jaririn ba. Ya daɗe yana fafutukar nema musu bizar ziyara. Da ta fito, sai fasfon Hamoda ya maƙale, watanni suka yi ta tafiya. Ranar da komai ya kammala, kwana uku ne suka rage wa'adin shiga ya ƙare. Jirgin da suka samu na ranar ƙarshe ne. In ya tashi babu su, sai a sake komawa farkon layi.

Akwai wani abu game da Iman, 'yar shekara huɗu, da kowa a gidan ya sani. A kwanakinsu na ƙarshe a Madani, uwarta ta koya mata doka ɗaya: in kin ji ƙarar jirgi, ki shige ƙarƙashin gado, kada ki fito sai na ce ya wuce. Yarinyar ta riƙe dokar nan gam. Ko a Gadarif, in tarakta ta wuce da ƙarfi zuwa gonakin riɗi, a ƙarƙashin gado ake samun ta.

Saboda haka da tafiya ta matso, Manahil ta ce da ita babbar mota za su hau zuwa wurin Baba.

Matar kawu ta ce, "Da kin faɗa mata gaskiya tun yanzu, ta yi kukanta a gida."

Manahil ta ce, "Inna, ba ni da ƙarfin kuka biyu. In mun shiga, shi ke nan."

Suka kama hanya a bas bayan sallar asuba. Suka wuce Showak, suka wuce Kasala, yini guda cur kafin Port Sudan. Hamoda ya yi amai sau biyu a kan tob ɗin uwarsa, wato lulluɓin da matan Sudan ke naɗawa. Washegari suka yi awa biyar a filin jirgi, babu wurin zama, ƙafafun Manahil sun kumbura har takalmi ya matse ta.

Lokacin da aka kira su, Iman ta riga ta yi barci. Manahil ta goya Hamoda, ta saɓa Iman a kafaɗa, ta rufa mata kai da gefen tob, ta hau matakala da ƙyar. A ranta tana godiya ga Allah da yarinyar ba ta ga fukafukai ba.

Kujerarsu na kusa da ta wata tsohuwa, Hajja Asha, 'yar Hawata, za ta Umara. A ɗaya gefen hanyar tsakiyar jirgin kuma akwai wani mutum mai suna Awad, sanye da kwat, tun kafin ya zauna yake duba agogo. Da ya ga yara biyu ya yi tsaki a hankali.

Aka rufe ƙofa. Injin ya fara ruri.

Iman ta buɗe ido. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi kowa komai ba. Ta zame ta ƙasan bel ɗin da uwarta ta ɗaura mata sako-sako, ta cusa kanta ƙarƙashin kujerar gaba, ta rungume ƙarfen ƙafar kujerar da hannu biyu.

Manahil ta ce, "Iman, fito. Mota ce."

Iman ba ta motsa ba.

"Na ce ki fito. Ya wuce."

Muryar yarinyar ta fito ƙasa-ƙasa. "Bai wuce ba, Yumma. Ina jin sa."

Ma'aikaciyar jirgi ta zo, sunanta Hadeel a rubuce a ƙirjinta. Ta durƙusa, ta yi lallashi, ta nuna alewa. Ta ja ƙafar yarinyar a hankali, Iman ta ƙara ƙanƙame ƙarfen har gaɓoɓin yatsunta suka yi fari. Hamoda ya farka ya tsala kuka.

Hadeel ta je gaba ta dawo. Ta ce, "Malesh, yi haƙuri, 'yar'uwa. Jirgi ba zai tashi da yaro a ƙasa ba. Kyaftin ya ce in ba ta zauna an ɗaura mata bel ba nan da ɗan lokaci, za mu koma a sauke ku."

Manahil ta ɗago kai ta dubi Hadeel. Ta ce, "Bizarmu yau take ƙarewa."

"Na gane. Amma doka ce."

Awad ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Mutum ɗari da wani abu a zaune saboda yarinya ɗaya da ba a koya wa jin magana ba. Wanda bai iya riƙe 'ya'yansa ba ya zauna a gida mana. Ki fizgo ta kawai."

Kunya da gajiya suka taru wa Manahil wuri guda. Ta sunkuya da jariri a hannu, ta kama idon sawun Iman, ta ɗaga ɗaya hannun za ta kai mata duka.

Hajja Asha ta riƙe hannun.

Ta ce, "Ya bitti, 'yata, me kika ce mata za ku hau?"

Manahil ta sunkuyar da kai. "Mota."

"Daga ina kuke?"

"Madani."

Tsohuwar ta jinjina kai. Ta juya wajen Awad ta ce, "Kai mai agogo, ka ce ba ta jin magana. Duk jirgin nan babu mai jin maganar uwarsa kamar yarinyar nan. Abin da aka koya mata take yi." Sannan ta miƙa hannu. "Ba ni yaron. Na yi renon goma sha ɗaya, wannan ba zai gagare ni ba. Ke kuma sauka inda take ki faɗa mata gaskiya."

"Hajja, in na faɗa mata ai ba za ta taɓa fitowa ba."

"To yanzu da kika yi ƙaryar, ta fito?"

Manahil ta miƙa Hamoda. Wurin ya yi mata ƙunci, sai da ta fito hanya ta durƙusa, ta kwantar da kuncinta a kan kafet don ta ga fuskar 'yarta. Idanun Iman a buɗe suke tar, babu hawaye ko ɗigo.

Ta ce, "Iman, na yi miki ƙarya. Ba mota ba ce. Jirgi ne, kuma muna cikinsa. Na ji tsoron faɗa miki ne. Ki yafe mini."

Yarinyar ta daɗe tana kallon ta.

"Muna cikinsa?"

"Muna ciki. Ni da ke da Hamoda, da wata habboba, kakar nan ta kusa da mu, da mutane da yawa."

"To mu ne za mu jefa wa mutane wuta?"

Hadeel, wadda ta dawo don ta ce lokaci ya cika, ta tsaya cak a kan hanya. Awad ya sauke hannunsa daga kan agogo, ya ce da Hadeel a hankali, "Ki roƙa mana kyaftin ya ƙara minti biyu. Ki ce fasinjoji sun yarda."

Manahil ta ƙara matsawa kusa da 'yarta. Ta ce, "A'a. Wannan ba ya jefa komai. Mutane yake ɗauka, da jakunkuna, da tukunyar shinkafa da kaza. Ƙararsa za ta ƙaru sosai in zai tashi, ba zan ɓoye miki ba. Kunnenki ma zai iya yin ciwo kaɗan. Amma ina nan, hannunki a nawa, har mu ga Baba."

"Ba ƙarya?"

"Ba ƙarya."

Yatsun suka saki ƙarfen ɗaya bayan ɗaya. Iman ta fito da ƙura a gashinta, ta hau kujera, Hadeel ta ɗaura mata bel da kyau.

Da jirgin ya ɗauki gudu, Iman ta yi kuka, kuka mai ƙarfi, irin wanda ta daɗe ba ta yi ba. Babu wanda ya yi tsaki. Hajja Asha ta mayar da Hamoda, ta ware gefen mayafinta ta kāre Manahil don ta ba shi nono, saboda kunnensa.

Can da suka daidaita a sama, kukan ya lafa. Iman ta leƙa taga, ta ga gidaje sun zama ƙanana kamar ƙwayar dawa.

Ta ce, "Yumma, yaran da ke ƙasa sun shige ƙarƙashin gado?"

Manahil ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta fasa.

Ta ce, "Wataƙila wasu sun shiga."

Iman ta ce, "To a gaya wa direban ya rage ƙara."

Hadeel tana tsaye da tire a hannu. Ta ce, "Zan gaya masa yanzu." Ta ajiye tiren, ta nufi gaba.

Darasi: Ƙaryar da muke yi wa yaro don mu huta da kukansa, ranar da muka fi buƙatar ya yarda da mu take tashi. Ku faɗa wa 'ya'yanku gaskiyar tafiya tun a gida, daidai hankalinsu. In kuma kun ga uwa tana fama da yaro a jirgi, ba ku san abin da yaron ya gani ba, ku miƙa hannu ko ku yi shiru. Ku tura wa wata uwar da ke shirin tafiya da yara wannan labarin.