Tambaya Ɗaya a Ofishin Biza

Akwai wani tela da ɗansa ke karatu a ƙasar waje. Kwatsam ƙodar yaron ta daina aiki, likitoci suka ce sai uban ya zo da gaggawa a gwada ko tasa za ta dace.

Hankalin tela ya tashi, ko zare ya kasa sa wa allura. Ya garzaya wurin maƙwabcinsa mai gyaran waya, wanda bai taɓa shiga jirgi ba amma ya fi kowa sanin harkar biza a baki.

"Za su tambaye ka purpose," in ji mai gyaran waya, "wato manufarka, abin da zai kai ka. Kul ka ambaci ciwo! Ce musu yawon buɗe ido za ka."

Matar tela ta ce, "Maigida, don Allah ka faɗa musu gaskiya mana."

Tela ya ce, "Ke me kika sani? Wanda ya san Turanci ya yi magana!"

Ranar ganawa ya tsaya gaban gilashi a ofishin biza. Wata jami'ar ofishin ta yi tambayar ta bakin tafinta, ya zuba haddarsa tsaf. Ta ce wane gari zai kalla? Wane otal zai sauka? Ya hau inda-inda. Ta buga hatimin hana biza, ta turo masa fasfonsa.

Nan ya manna wayarsa a gilashin, ga hoton yaron kwance da robobin ƙarin ruwa a hannu.

"Ɗana ne! Wallahi mutuwa zai yi! Ku taimake ni!"

Tafinta ya fassara. Jami'ar ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta yi magana a hankali.

"Baba," in ji tafinta, "ta ce ai wannan ne purpose ɗin da ta tambaye ka. Masu zuwa jinya a ranar ake ba su biza. Amma amsarka ta riga ta shiga kwamfuta, sai dai ka sake nema wata mai zuwa."

Ya fito ya zauna a kan matakala. Wayarsa ta yi ƙara, muryar yaron can ƙasa-ƙasa.

"Baba, yaushe za ka taso?"

Darasi: In aka tambaye ka manufarka, faɗi ainihin abin da ya fito da kai daga gida, kada ka ari ƙaryar wani don tana da daɗin ji. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na shirin shiga layin gobe.