Rabon Alƙali a Jakin Gado

A wani gari an yi wani alƙali mai kwaɗayin ushira, wato kashi ɗaya cikin goma na kowane gado. Da Dogara mai itace ya rasu, jaki ɗaya tal ya bari, sai matarsa Yalwa da 'ya'ya uku.

Alƙali ya ce, "Ku fitar mini da rabona daga jakin nan, ba yanka, ba sayarwa. In kun kasa, jaki ya zama na kotu."

Yalwa ta ɗauko gawayi ta zagaye bakin jakin. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ga naka. Mu mun riƙe sauran."

"Me zan yi da bakin jaki?"

"Ciyarwa mana! Dusa da safe, harawa da yamma. In ya ci dawar mutane, bakinka ne ya ci, kai za a kai ƙara."

Alƙali ya gyara rawani ya ce, "Af, na tuna! Ƙaramin gado ba a fitar masa da ushira. Ku je ku raba a gida."

Yalwa ta ce, "A rubuta, Malam. Maƙwabciyata na waje da akuya."