Yadda Malam Ya Sauko da Mu Daga Kan Bene

Allah Ya ƙara yarda ga shaihinmu, masanin Alƙur'ani da fiƙihu, mai zuhudu da tsantseni, wanda tun da na fara zama gabansa ban taɓa ganin kiran salla ya same shi ba da alwala ba. Ni magini ne, ba marubuci ba, amma dole na rubuta wannan, domin na gaji da jin wasu marasa kunya suna cewa wai abin da ya faru dacewa ce kawai. Dacewar me? Ina wurin, da idona na gani.

Muna aikin wani bene ne a bayan gidan Malam, ƙarƙashin wani ɗan kwangila da muke kira Maza-Maza, mutumin da in ka tsaya shan ruwa sai ya duba agogo. Ranar zubin rufin bene, tun da safe ya tara mu ya ce kankare ba ya jira, in an fara zubi ba a tsayawa sai an kai ƙarshe, kuma duk wanda ya sauko da sunan salla, to ya wuce gida kawai. Wallahi raina ya ɓaci. Na so in ajiye cokalin gini in tafi, amma ƙanena yana cikin masu ɗaukar kwanon kankare, ga matarsa da tsohon ciki, kuma ni na roƙa masa aikin.

Azahar ta wuce muna sama. La'asar ta shiga, rana ta fara yin ja, injin kwaɓa siminti yana ta ruri, leburori suna hawa tsani suna sauka kamar tururuwa, ba wanda ya sa goshi a ƙasa. Shi kuwa Maza-Maza ya sa kujera a inuwar ƙarƙashin rufin da muke zubawa, tsakanin katakan tokare, yana ta daka mana tsawa daga can. Abin da ba mu sani ba, mugun ya sa an rage katakan nan an kai wani aikinsa.

Sai ga Malam, Allah Ya jiɓinci lamarinsa, ya fito da buta a hannu, yana tafiyarsa ta natsuwa. Ya tsaya kusa da injin, ya ɗaga kai ya dube mu, ya ce, "Bayin Allah, ku sauko. Mai lokacin yana kira."

Bai rufe baki ba injin ya mutu. Mai kula da shi ya ja igiya har hannunsa ya yi ja, ya duba mai, ya duba komai, lafiya lau, amma ko tari injin bai yi ba. Da kankare ya yanke, sai muka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya, na riƙo hannun ƙanena na ce ko korar ce a yi, mun gaji da bautar siminti.

Maza-Maza ya haukace. Daga kan kujerarsa ya dinga zagin Malam, ya ce masa tsoho mara aikin yi, ya ce Malam ne zai biya asarar in zubin ya bushe. Na sunkuya na ɗauki guntun rodi, Allah Ya sani da niyya na ɗauka, Malam ya dube ni sau ɗaya, na ajiye.

Muka yi alwala, muka ja sahu a filin da ake tara yashi, amma Malam bai shiga gaba ba. Sai ya juya ya shiga ƙarƙashin rufin nan, ya tsaya gaban mutumin da ke zaginsa, ya ce, "Ba zan tayar da salla ba sai da kai." Maza-Maza ya miƙe, ba don salla ba, sai don ya fitar da shi daga wurin aikinsa. Ya cafki hannun rigar Malam, ya jawo shi waje yana kumfar baki, har gaban sahunmu.

Nan muka ji ƙara. Katakan suka karye, rufin gaba ɗaya ya rufto, rodi da jiƙaƙƙen kankare suka binne kujerar da tsanin da muka sauko ta kai. Ƙura ta lafa, muka ƙirga juna, ba wanda ko ƙwarzane ya yi. Maza-Maza yana tsaye, hannunsa har yanzu a rigar Malam.

Ba zan ɓoye ba, ni haushi ne ya kama ni. Na ce, "Malam, wannan da ya so ya kashe mu, har da shi za ka shiga ka fito da shi?"

Malam ya ce, "Ku kun sauko, shi ne ya rage. Ta da iƙama, rana na faɗuwa."

Na tayar, mutumin nan ya zo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ƙanena yana kuka.

Tsarki ya tabbata ga Allah da Yake karrama bayinSa salihai. Ya Ubangiji, Ka ɗaukaka darajar shaihinmu, Ka ba mu albarkacinsa, Ka sanyaya mini wannan zuciya tawa, kada Ka ɗauki ranmu muna cewa bari mu gama tukuna.